Hular Malam da Kika Bari a Lefe

Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarki a Dutsin-Ma, zuwa gare ki a ɗakinki na Kurfi. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da surukarki, ina shafa kan jaririn nan daga nesa. Allah Ya sa kun sauka lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya, Ya tsare ku daga abin ƙi na fili da na ɓoye.

Gaisuwar ke nan, na sauke ta. Yanzu ki kwantar da yaron, ki sami wuri ki zauna, ki karanta wannan ke kaɗai, domin raina a ɓace yake.

Kin san ni ba mai doguwar magana da ke ba ce. Ke ce 'yar fari, ko sunanki ban taɓa kamawa ba. Wata biyar ɗin nan da kika yi a gabana, daga goyon ciki har kika gama wankan jego, in aka tara maganar da na yi miki ba za ta cika ludayi ba. Da baki ba zan iya ba. Shi ya sa na zaro takarda daga gafakar kakanki Malam, na jiƙa tawada, na zauna. Kina ganin yadda rubutun ya karkace, yatsuna ne da sanyin ƙashi ya riƙe. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don abin da ke ciki tsakanina da ke ne.

Kwana biyu da tafiyarki na shiga share ɗakin da kika zauna. Na ja gado, sai ga lefen saƙarki a lungu, an kifa masa faifai. Na buɗe. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Saƙa huɗu a lefe ɗaya, ba wadda ta kai ƙarshe, zaren wannan ya sarƙe da na waccan kamar kaza ta yi tono a ciki. Safar jariri, ƙafa ɗaya. Bakin mayafin 'yar maƙwabtanmu da za a aurar, bai kai kamu biyu ba. Jakar goron surukarki, ita ce ma ta kusa ƙarewa, da ganinta an ba ta lokaci. A can ƙasa kuma, ƙarƙashin kowa, da kwarashi soke a jikinta har ya fara tsatsa, hular Malam. Rabinta kawai.

Hular da kika auna masa tun ranar da kika iso gidan nan da cikin wata bakwai. Ina tsaye kika zagaya masa zare a ka kika ƙulla, yana ta tsokanarki irin ta kaka da jika, wai amaryarsa ta zo za ta rufe masa kunne kafin sanyi ya shigo. Kika ce masa kwana goma. Da kunnena na ji.

Kada ki ce mini ba ki san halin da yake ciki ba. Tun kafin ki haihu ya daina fita zaure, kawunki Audu ke ba da karatu. Idon ya tafi. Kunu kurɓa uku yake yi ya ture kwanon. Da asuba in ya yi alwala sai ya dafe kunnuwansa da hannu biyu yana rawar ɗari. Na kai masa hular kawunki, ya shafa, ya ajiye, ya ce tasa tana zuwa. Shekaranjiya da hantsi na shiga da kunu, ya ce, "Ke A'i, amaryata ta tahi da hular ne ta ƙarasa can?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Madalla. Na san ba ta mance ni ba." Kin ji? Tun da na yi wayo ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai ranar, kuma ke kika sa ni.

Ba zan ce ban san inda kika samo wannan hali ba. A nono kika sha shi. Shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai, don ina buɗe lefen nan nawa na gani, na shekarun baya. Saboda haka bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba, ki ga inda hanyar take kai mutum.

Kina goye na koyi saƙar kwarashi. Lokacin ba a daɗe da kawo ma'aikatan Turawa garin nan ba, akwai matar wani akawu da suka zo daga Ikko, ita ce ta fara riƙe wannan 'yar ƙugiya a Dutsin-Ma. Sau uku na zauna kusa da ita na iya. Na sa aka kai wa maƙeri ƙarfen tsohuwar laima ya gyara mini nawa, shi ne wannan da kika bari ya yi tsatsa. Da ma hannuna ya saba da mazari, zaren da nake kaɗawa ba a samun irinsa a unguwarmu, don haka kafin damina ta zagayo sunana ya kai Dabawa, ya kai Wurma. Kaina ya kumbura. Duk wadda ta shigo ta ce, "A'i, hannunki sai dai kallo," kafin ta rufe baki na ce mata to. Akwai lokacin da saƙa bakwai ke cikin lefena. In ɗaya ta gundure ni sai in tsiri wata, don farkon saƙa daɗi gare shi, tsakiyarta ce ke cin rai.

Wata dattijuwa ta tako daga Dabawa sau uku saboda bakin mayafin ɗiyarta. A na ukun ina jin sallamarta na ruga bayan rumbu na laɓe, ni matar aure da goyo. Ta tsaya tsakar gida ta ce, "Hito, A'i, ga ƙahwarki nan ina gani ta ƙarƙashi. Ni ba hwaɗa na zo ba. In ba ki iyawa ki ce ba ki iyawa, mi ya kai ki amsawa?" Ta juya ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Aka kai ɗiyarta da mayafi ba baki. Har matar nan ta rasu, in mun haɗu a suna ko biki, gaisuwa ɗaya take yi mini ta kau da kai.

To ki ji. Saƙa uku ce iyaka, biyu a hannu, ɗaya tana jiran layi. In ta huɗu ta zo, ko daga gidan hakimi take, ki ce sai kin sauke ɗaya. Mai ita za ta ɓata rai yini guda ta huce. In kika ce to kika kasa, da shi za ta riƙa kallonki har tsufa. Kuma ki bar tsirar sabuwa don tsohuwa ta ishe ki. Ki daure ki bi tsakiyar nan zagaye bayan zagaye, ba wata dabara sai ita.

Kina tsammani na yi hankali daga nan? Ina! Ba a yi wata uku ba na karɓi huluna biyu a mako ɗaya, ɗaya ta wani ladani a Wurma, mutum ne mai kai kamar tulu, ɗaya ta wanzamin unguwarmu, ɗan firit. Matansu suka kawo mini awo, zare fari da ƙulli, kowanne irin ɗan'uwansa. Na watsa su cikin lefe na ce ai zan gane. Ranar da na tashi aiki na ɗauki wannan a matsayin wancan, ba ko shakka a raina. Ta ladani har na yi mata ado da baƙin zare yadda matarsa ta ce, ta wanzami na bar ta fara sol. Aka kai. Wanzami ya sa tasa ta rufe masa ido har hanci, aka ce ranar a bakin kasuwa har masu jiran aski sai da suka riƙe ciki. Ta ladani kuwa ko shiga ba ta yi ba. Matarsa ta dawo mini da ita a kan faifai, ta ajiye ta juya, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Musanya ba ta yiwu ba saboda adon. Aikin mako biyu na zauna na warware da hannuna, ina yi ina cizon yatsa.

Daga ranar na koyi abin da na nuna miki tun kina 'yar shekara goma, kika ga kamar tsufa ne ke damuna. Kowace saƙa da jakarta. Zarenta a ciki, awonta a ɗaure a jikin saƙar kanta, ba a gefe ba. In za ki ajiye aiki, ki soka ɗan zare mai wani launi a idon saƙar da kika tsaya, ki yi ƙulli a wutsiyarsa adadin zagayen da kika kai. Kada ki ce za ki tuna. Mai jego da ta manta inda ta ajiye ludayi, ita ce za ta tuna zagaye na sha bakwai? Ni ko a lokacin sakarcina awon yana cikin lefe. Naki na zazzage lefen sau biyu ban gan shi ba.

Yanzu ga wanda ban so in faɗa ba.

Abin da aka gaya miki game da babanki gaskiya ne. Ya bi mutanen garin nan cin rani zuwa haƙar kuza a Jos, ciwon haƙarƙari ya kama shi, aka binne shi can. Abin da ba a gaya miki ba shi ne maganar hula. Waɗanda suka riga shi zuwa sun ba da labarin sanyin ƙasar, suka ce ruwan tulu da safe gagarar hannu yake. Tun ana yankan gero ya ce in saƙa masa mai kauri, mai rufe kunne. Wata biyu ya ba ni. Na zaɓi audugar da ta fi kyau, na kaɗa zaren da kaina, na auna kansa, na fara, na kai rabi a kwana huɗu. Sai uwargidan wani attajirin auduga ta aiko tana son marufan kwano guda shida, wai baƙi za ta yi. Na ji daɗi, bakina har kunne, babban gida ya san da ni. Na ce a raina, shi ai na gida ne, ba inda za shi. Ki ji fa. Mutumin da ke shirin tafiya, shi na ce ba inda za shi. Na tura hularsa ƙasan lefe. A marufi na biyar zare ya ƙare mini, na miƙa hannu na ɗauki dunƙulen hularsa. Na ce ara na yi, zan kaɗa wani in mayar.

Bai taɓa tuna mini ba. Halinsu ɗaya da Malam, ba sa roƙon abu sau biyu. Ana gobe tafiya da la'asar na tono hular, sai a lokacin na tuna ba zare. Ko gurzajjiyar auduga babu a ɗakin, kaɗin kaɗai sai ya ci kwana uku. Na zauna da rabin hula a cinya ina kallonta har aka kira magariba. Da safe ya ɗaure kayansa, ya leƙo ɗaki ya ce, "Ina hular tawa?" Na ce saura kaɗan. Ya karɓa ya ɗora a ka, ta tsaya masa a tsakiya kamar faifai. Ya yi dariya ya ce, "Aje mani ita. In na dawo da bazara sai in sa, in yi ta zuhwa, kowa ya san matata ta iya saƙa." Ya naɗa wani tsohon ƙyalle a ka, ya saci kallonki a bayana, ya fita. Na bi shi da ido har zaure, kunnuwansa a waje.

Na sani hula ba ta hana ajali. Malam ya gaya mini, na kuma yarda, kwanansa ne ya ƙare. Amma shekara goma sha tara ke nan, duk sanyin da ya shigo sai na ga kunnuwan nan. Ita kuwa uwargidan attajirin ko sunana ba ta riƙe ba. Bayan shekara na shiga gidanta barka, na tarar ana goge gindin tukunya da ɗaya daga cikin marufan.

Saboda haka in saƙa ta taru miki, kada ki duba wa ya fi baki, ko wa ya fi gida, ko wa kike so ya yabe ki. Ki duba wa ba zai iya jira ba. Matafiyi ba ya jira, majinyaci ba ya jira, ƙafar jariri ma ba ta jira, ga safarki nan ta shaida, ko kin gama ta yau ba za ta shige shi ba. Na gida da ya yi miki shiru, kunyarki yake ji, ba wai bai damu ba ne. Kuma zaren wata saƙa ba a aronsa, ko kamu ɗaya ne.

Kin san dalilin da ya sa na ce haka. Na ɗaga jakar goron surukarki na kai ta hasken ƙofa, na gane zaren. Ni na kaɗa shi. Shi ne na ƙarshe da na kaɗa kafin yatsuna su ƙi mazari, na ba ki shi na ce na hular Malam ne, na Malam kaɗai. Kin so ki koma Kurfi da abin a yaba, a ce amaryar gidan akwai hannu. Ara kika yi, ko? Za ki mayar? Na san maganar, ni na riga ki faɗinta.

Kada ki ɗauka ban nemi hanyar rufa miki asiri ba. Na kankare tsatsar kwarashi da toka, na zauna zan ƙarasa hular in ce ke kika aiko. Ido uku na yi ƙugiyar ta suɓuce, babban yatsana ya ƙi lanƙwasuwa. Ko da na iya ma zai gane, don tun da idonsa ya tafi da yatsa yake gani, kuma saƙata ta fi taki tsauri. Na aika aka sayo zaren kanti, na gwada shi a jikin naki, siriri ne mai santsi, ba ya riƙe ɗumi. Na so in warware jakar goron in maido da zaren, sai na ga kin yayyanka shi gutsi-gutsi wajen yin ado, ba abin da zai fito sai ƙulle-ƙulle masu cin kai.

Jiya, da na rasa awon, na yanki sabon zare na shiga wurin Malam. Na sake yin wata ƙaryar, na ce kin aiko a ƙara aunawa. Ya yi dariya har da tari, ya sunkuyo mini da kai ya ce, "Tsoro take wata ta taɓa mata shi da ba ta nan? Ki hwaɗa mata kai shina nan yadda ta bar shi, ko gashi ɗaya bai ragu ba." Na zagaya zaren na ƙulla, na fito. Da la'asar ina neman kanwa a madafa, sai ga tsohon awonki. Da shi kika ɗaure bakin ƙullin kanwar kununki na jego, awon kan kakanki, ƙullin da kika yi yana nan daram. Na kwance shi na jera da sabon a kan tabarma. Sabon ya gaza da faɗin yatsa guda.

Faɗin yatsa, cikin wata biyar. Wurin da ke gefen goshinsa duk ya lotsa, ni da ke ganinsa kullum ban lura ba sai da zare ya gaya mini. Ke ki auna da hankalinki kwana nawa suka rage, ni ba zan rubuta ba.

Saura maganar zare. A duk garin nan wuri ɗaya ne na san akwai kaɗin hannuna mai wannan kaurin. Yau da safe na buɗe adakata, na ɗauko rabin hular babanki daga cikin ƙyallen da na naɗe ta tun ranar da aka kawo labari. Ba wanda ya san tana nan, ko Malam. Na kama bakin zaren na ja. Saƙar da na yi a kwana huɗu ta warware kafin tukunya ta tafasa. Ban yi kuka ba sai da na zo zagayen farko na tsakar kai, inda na fara da bismilla ina murna. A nan na yi, na yi mai isata, kuma ina yi ina jin haushinki, ina jin haushin kaina fiye da naki. Na wanke zaren, na shanya, na dunƙule. Ya ɗan yi ja saboda daɗewa, amma Malam ba launi zai gani ba. Na gwada, zai isa, har da na rufe kunne.

Kawunki Audu zai kawo miki wannan takarda ranar kasuwar Kurfi, tare da jakunkuna huɗu da na sa aka ɗinka daga tsofaffin zannuwana. Na raba miki saƙar, kowace da tata. Baƙar jakar ita ce ta Malam, zaren babanki yana ciki, sabon awon yana ɗaure a jikin hular, tsohon na riƙe don kada ki sake rikicewa. Ki warware zagaye biyu na ƙarshe ki rage ido, in ba haka ba za ta yi masa yawa. Sauran ukun ki rataye su, kada ki ko leƙa. Safar ki warware ta in kin sami sarari. Bikin maƙwabta sai bayan salla, na je da kaina na ba uwar yarinyar haƙuri. Surukarki kuwa ki durƙusa ki gaya mata gaskiya, ita ma 'yar wani ce, za ta gane. In jariri ya yi kuka ki goya shi ki ci gaba, haka na yi da ke. Aikin kwana uku ne ga mai hannu irin naki, don hannu kam kina da shi, kin ma fi ni, shi ne abin haushin. Kawunki zai dawo kasuwa ta gaba. Kada ya iso mini gida hannu wofi, kada kuma ki aiko shi da "saura kaɗan".

Zaren nan shekara goma sha tara yana jiran kai. Sau ɗaya ya makara, a hannuna. Kada ya sake makara a naki.

Na faɗi abin da ke raina, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Amma ke ɗiyata ce, ba ni da wata. Allah Ya tsare ki a gidan da kike, Ya raya abin da kika haifa, Ya ba ki haƙurin tsakiyar aiki da ni ban samu ba sai da na yi asara. Allah Ya kiyaye hanyar kawunki zuwa da dawowa. Allah Ya ara wa Malam kwanakin da za su isa. Gobe da hantsi zan shiga da kunu, zai tambaya, zan sake ce masa e. Allah Ya sa kafin kasuwa ta zagayo ki mayar da wannan e ɗin gaskiya.

Wassalam. Mahaifiyarki.